Motocin Tasharmu a Cikin Waya

Na yi aikin tsare layin lodi a tashar motar Kazaure har ƙafafuna suka gaji. Karatuna bai wuce firamare ba, amma 'yata ta fari ta karanci kwamfuta. Ita ce ta haɗa wani wasan tuƙi na waya, inda mutum zai ɗebi fasinja daga Kazaure ya kai Roni, ko Gwiwa, ko Babura.

Wata la'asar ta shigo gida ido ya yi ja. Masu kasuwar intanet da ake ɗora wasanni sun ƙi karɓar nata, domin ta sa motocin kamfanoni na gaske, da sunansu da tambarinsu, ba tare da izini ba. Wata lauya ƙawarta ta ƙara da cewa ko ta goge suna, siffar motar ma ta kamfani ce, suna iya maka ta a kotu.

Ta ce, "Baba, aikin ya lalace. In na cire su, me ya rage?"

Na ce, "Share hawayenki. Da farko cire tambari. Na biyu cire suna. Na uku, gobe da safe ki same ni a tasha."

A tasharmu ba a kiran mota da sunan wanda ya ƙera ta. Na nuna mata Kunkuru, mai ƙofar aro da but ɗin baya ɗaure da igiya. Na nuna mata Amarya, wadda ba ta fita sai an wanke ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce za ta zana musu sabon jiki wanda babu kamfanin da ya taɓa ƙera irinsa, ta bar musu laƙabinsu da halinsu. Ni kuma na kafa sharaɗi: ba motar da za ta shiga sai mai ita ya yarda a gaban shaidu.

Ashe nan rigimar take. Kowa ya yarda, kuma kowa na son tasa ta zama ta farko.

Direban Roni ya ce, "Tawa ce sabuwa!"

Na Babura ya ce, "Sabuwa a zamanin kakanka!"

Na tsawatar. Na ce wanda ya riga shiga layi yau shi ne na farko, haka za a bi har ƙarshe. Aka duba layi. Kunkuru ce a gaba.

Da damina ta sake aikawa, aka karɓa. Lauyar ta duba, ta ce ba inda za a kama ta. Ranar na sa babbar riga na tafi tasha, na tarar direbobi sun yi cincirindo a kan waya ɗaya.

Mai Kunkuru ya hango ni. "Malam, 'yarka ta ci mutuncina! A waya ma sai an tura motata take tashi!"

Na ce, "To a cire ta?"

Ya riƙe hannuna. "Wa ya ce a cire? A dai sa min a wayata, in nuna wa iyali."