Katikis, Akun Bakin Tanderu

Duk wanda ya taɓa sayen burodi a bayan tashar motar Konongo ya san Maame Pokuaa, ya kuma san akun da ke cikin keji a gefen tanderunta. Mai launin toka ne da jar wutsiya. Sunansa Katikis, wato malamin coci, saboda tun da sassafe yake fara wa'azi ba wanda ya gayyace shi.

Ba Pokuaa ce ta raɗa masa sunan ba. Surukarta ce, Nana Birago, wadda ta zo da shi daga Juaso lokacin da ƙafa ta gaza, ta dawo gidan ɗanta Amoateng, direban motar katako. Ta sauka da ƙullin zannuwa da 'yar kujerarta da keji. Amoateng kullum yana hanya, sai gidan ya zama na mata biyu da tsuntsu. Allah bai ba Pokuaa haihuwa ba, kuma tsohuwar ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko da wasa. Zama take yi a bakin tanderu tana shafa wa gwangwanaye mai, tana miƙa wa Katikis kwakwar manja, in ƙamshi ya fara canzawa ta ɗaga murya: "Pokuaa, 'yata, burodi zai ƙone!"

Katikis ya ɗauke maganar kaf, har da ɗan tarin da ke biyo bayanta. Ya ɗauki wadda take yi wa ɗanta in ya dawo daga tafiya. Sau da yawa Pokuaa kan fito da gudu daga ɗaki, ta tarar tsohuwa na gyangyaɗi, tsuntsu na kallonta da ido ɗaya.

Da Nana Birago ta rasu, sai ya bayyana ita ce ke riƙe da auren. Ba faɗa, ba zagi. Shiru ne kawai ya cika gidan. Dangi suka zauna, 'yan'uwan Pokuaa suka mayar da kwalbar giyar da aka kai ranar neman aurenta, aka shafa mata farar ƙasa a kafaɗa, aure ya ƙare. Rabon kaya ma bai yi wuya ba, sai da Amoateng ya kai hannu ga keji.

"Ina za ka da shi?"

"Ji wata tambaya! Akun uwata ne."

"Kai da ba ka san yana tsoron tsintsiya ba? A motar katako za ka rataye shi, Direba?"

"Ko a kan sitiyari na ɗora shi, ina ruwanki? Ke da uwar wani!"

Wannan kalmar ce ta kai Pokuaa kotu, ita da ko ofishin 'yan sanda ba ta taɓa shiga ba. Ta yi wa alƙaliya bayani dalla-dalla: yadda take yi masa wanka da ruwan ɗumi, yadda ba ya cin gyaɗa sai da ɓawo. Alƙaliyar ta saurara da haƙuri, sannan ta cire tabarau.

"Maame, na ji ki. Amma a gabana tsuntsu kaya ne, kamar fanka ko keken ɗinki. Ba a ba ni ikon tambayarsa wa yake so ba. Cikinku wa ya saye shi?"

Ba kowa.

"To, ba kayan aurenku ba ne, kayan marigayiya ne. Ku koma gida. Wa dangi suka ɗora a kujerarta?"

Suka dubi juna. Zafin rigima ya mantar da su Maame Konadu, ƙanwar marigayiya, wadda aka naɗa magajiya bayan jana'iza. Wadda ta gaji mace kuwa ba zannuwanta kaɗai take ɗauka ba. 'Ya'yanta sun zama nata, duk wani nauyin da ke kanta ya dawo kanta. Labari ya riga su isa Juaso. Maame Konadu ta aiko aka ɗauke kejin, da saƙo guda: tun da sun iya kai yayarta gaban hukuma ba su shaida mata ba, kowa ya huta.

Damina ta wuce bakin tanderu ba murya. Pokuaa ta ƙona burodi, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa, masu saye suna ta zolayarta ko sabuwar soyayya ce. Ta yi musu murmushi kawai. Wata Asabar ta naɗe burodi mai zafi a farin ƙyalle, ta hau motar Juaso.

Ta sami Maame Konadu a tsakar gida tana ɓare rogo. Ta durƙusa.

"Mama, na zo gaishe ki."

"Wace Mama? Ba an shafa miki farar ƙasa ba? Ko ruwa ya wanke?"

"Da ɗanki na rabu. Ni da Nana ba mu rabu ba. Kuma an ce yanzu ke ce ita, shi ya sa na zo ba da haƙuri inda ya kamata in fara zuwa."

Tsohuwar ta ci gaba da aikinta. Daga ƙarƙashin rumfa, inda aka rataye kejin, sai aka ji motsin fukafukai.

"Pokuaa, 'yata, burodi zai ƙone!" Ɗan tarin ya biyo baya.

Wuƙa ta suɓuce daga hannun Maame Konadu. Tun da aka kawo tsuntsun, in ban da fito da kukan kaji ba abin da ya yi mata. Ta daɗe tana kallon rumfar, ta share ido da bakin zane.

"Munafuki," ta ce da shi. "Ni da muka sha nono ɗaya da ita ka hana ni muryarta." Sannan ta juyo. "Ba zan ba ki shi ba, na dangi ne. Ajiya zan ba ki. Kuma ranar Lahadi ƙofarki a buɗe take ga Amoateng. Sakarai ne, amma muryar uwarsa ce."

Yau Pokuaa ta yi furfura, tanderun ma an sake ginin bakinsa. Amoateng ya bar tuƙi, ya yi wani auren a Obuasi, amma in an tashi daga coci yakan shigo mota da kwakwar manja a aljihu. Ya zauna a benci, ya cire hula. Katikis ya karkata kai.

"Amoateng, ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Maame."

"Ƙarya yake," in ji Pokuaa, ba ta ko waiwayo ba. Ta yanko burodi ta ajiye masa a gefen benci, ta koma bakin wuta.