Na'urar Yaya da Hanyar Maradun

Mun tashi daga Gusau ana idar da sallar asuba, ranar Talata, ni da yayana a motarsa. Shi fataucin shinkafa yake yi, kusan kowane mako yana kan hanyar nan. Ni kuwa rakiya ce tawa. Za mu ɗauko gwaggonmu a Bakura mu kai ta Maradun, inda 'yarta ta haihu. Amma yaya yana da wata buƙata tasa a Talata Mafara, wadda tun muna Bunguɗu yake ba ni labarinta.

Wai akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a gilashin gaba, idan jami'an hanya suka saita tasu mai auna gudu, sai ta yi ƙara tun daga nesa, direba ya sassauta. Kwanakin baya jami'an sun tsare yaya saboda gudu, kafin a sallame shi rana ta yi sanyi, ya ƙarasa gida cikin duhu bakinsa ɗauke da addu'a. Duk wanda ya san halin tsaron da muke ciki ya san me hakan ke nufi.

"Ni ba tarar ce ta dame ni ba," in ji shi. "Kada dai magariba ta sake riskata a daji."

Damina ta zo ƙarshe, dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu. Hanyar kuwa wani wuri sumul, wani wuri ramuka har sai ka rasa wanda za ka kauce wa. Mun shiga Mafara kasuwa ta fara ci. Babura, amalanke, buhunan shinkafa da dankali, ga rake an jingina ko'ina. Muka karya da waina mai zafi a bakin tasha. Albasa ta yi tsadar da mai ita sai ya ba ka haƙuri kafin ya faɗi kuɗinta.

Mai gyaran lantarkin mota da aka yi wa yaya kwatance ya fito da iri biyu. Ɗaya ƙarama ce, a soket ɗin kunna sigari ake jona ta, wayarta na reto a gaban direba. Ɗayar ta fi tsada, ita sai an haɗa ta da akwatin fis.

"Wagga ta fi ƙarko, Alhaji," in ji shi. "Amma ban ce maka kowace na'ura take kamawa ba."

Yaya bai ji rabin maganar na ƙarshe ba, ya zaɓi mai tsadar. Na zauna a benci ina kallon aikin. Ya goge gilashi, ya manna ta kusa da madubi, ya daidaita ta yadda ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa. Ya bi da wayar ta ƙarƙashin rufin mota har ta ɓace, ya jona ta a fis ɗin da ke mutuwa idan an kashe mota, don kada ta shanye batir. Da aka murza makulli sai ta haska, muryar mace ta yi wata magana da Turanci. Yaya ya washe baki. Kafin mu fita gari ta yi ƙara sosai, ya taka birki, muka duba ba kowa sai wata sabuwar jif da ke wucewa.

Daga Lambar Bakura muka karya, muka ratsa ta cikin gonakin shinkafa kore shar. A gidan gwaggo gaisuwa kawai ta ci lokaci mai tsawo, sai da aka tambayi lafiyar kowa har da waɗanda na manta muna da su. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, aka biyo da fura, aka ƙulle mana hoce, gasasshen ƙullun dawa, a leda. Yaya sai duban rana yake yi. Gwaggo kuwa ba ta fito ba sai bayan azahar da nisa, da turamen atamfa, da garin kunu, da kaji biyu a kwando. Tana shiga aka tada mota, na'urar ta yi magana.

"Wa ke nan kuma?" in ji gwaggo. "Ba ku ce mini da baƙuwa ba."

Muka yi dariya, ita ce dariyarmu ta ƙarshe a ranar.

Da muka hau hanyar Maradun sai yaya ya saki mota. Na'urar shiru, shi kuma shirunta ya ɗauka izini. Dawa na wucewa kamar ana yaye labule. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, sannu dai." Ya ce, "Gwaggo, so nake in sauke ki mu juya da rana." Ni ma tsoron da ke ransa yana cikin raina.

A wata kwana wani mai babur ya fito daga 'yar hanyar gona, matarsa a baya da dami a cinyarta. Yaya ya danne birki, mota ta yi ƙara ta zame, muka tsaya hancinmu cikin dawa. Ba mu taɓa su ba, amma mutumin ya firgita ya faɗi da babur ɗin a kan kwalta. Gwaggo ta bugi kujera da goshi, kaji na ta kuka. Muka fito da gudu. Mutumin ya kuje ƙafa, matar kuwa tana zaune riƙe da wuyan hannunta, ba ta kuka, sai salati.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tambayar da mutumin ya fara yi. Bai zagi kowa ba. Idonsa na kan hanyar da muka fito, ya ce, "Alhaji, wa ya biyo ku?"

Sai a sannan na lura gonar gefe ba kowa, ga fartanya a yashe, ga buta. Ashe masu aiki sun ji rugugin motarmu, suka ɗauka koro mu aka yi, suka shige dawa. Ɗaya bayan ɗaya suka fito. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa. Ni ne kawai."

Muka sa matar kusa da gwaggo, mijin ya biyo mu a babur, muka shiga Maradun a hankali. A asibiti aka ce hannun ya tsage, aka ɗaure. Yaya ya tsaya a kan komai. Kafin a gama an kira la'asar tuni, ba maganar juyawa. Muka kwana gidan mai jego, muka ga jaririya, aka ba mu ɗaki da tabarma, ba abin da ya same mu.

Washegari da hantsi muka kamo hanyar gida, muka iso Gusau lafiya kafin azahar. Na'urar tana nan manne, yaya bai cire ta ba, bai kuma ƙara zancenta ba. Jama'a, ga abin da na dawo da shi. Idan lokaci ya ƙure, kwana inda kake ya fi gudu. Tsoron daji gaskiya ne, amma mutanen gefen hanya su ne ke kwana su tashi cikinsa, kuma mai gudu ƙara musu yake yi. Yaya zai koma duba matar nan ranar kasuwa mai zuwa. Mijinta ya faɗa mana ita ce ke yi masa sussuka kowace kaka. Bana sai dai ta zauna ta kalla.