Tantabarun Inna

Ambaliyar da ta cinye gidanmu a Haɗeja bango ɗaya ta bari. Bangon ɗakin mahaifiyata ne, wanda mahaifina ya rataye wa tukwanen tantabaru kafin ya rasu. Da ruwa ya janye muka dawo, muka sami tantabarun a jere a kansa, suna kallonmu.

Inna ta ce shi ya sa bangon ya tsaya. A wurinta, gidan da ke da tantabaru, duk sharrin da aka aiko a kansu yake sauka. Ban yi musu ba. Na tayar da ɗakin a jikin tsohon bangon, na bar su a wurinsu.

A lokacin idonta ya riga ya tafi. Da kukansu take sanin gari ya waye. Ta fito da lalube, ta zauna a bakin ƙofa da tsaki a kwano, su sauka a cinyarta. Ni ɗan farinta ne, ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta doguwar magana da ni. Amma tana hira da su.

Matata ce ta gani, ranar da take cuɗa mata baya. Ta same ni ina ɗinkin komar kamun kifi.

"Maigida, jikin Inna duk tabo ne. Wasu sun kumbura, wasu ta sosa har sun yi ruwa. Ta ce kada in faɗa maka."

Na ce kuɗin cizo ne. Muka shanya katifa, muka zuba wa gado tafasasshen ruwa. Ba abin da ya sauya. Sai zazzaɓi ya fara kama ta.

Na shiga ɗakin da rana, na zura tsinke a tsagar bango. Wani abu ya fito, shimfiɗaɗɗe, ruwan toka, bayansa kamar busasshiyar fata, ba ka ganin kansa sai ka kifar da shi. Na murƙushe shi. Jini ne, amma babu warin kuɗin cizo. Na ƙulle wani a leda na kai wa ɗan kawuna, taubashina, mai sayar da kaji a kasuwa.

Ya duba, ya yi dariya.

"Bawana, ka fara kiwo ke nan? Kifi ya ƙare a kogi?"

"Faɗa min mene ne."

"Kaskar tsuntsaye. Da rana tana cikin tsaga, duhu ya yi ta fito. Ba ta maƙalewa irin ta shanu, ta sha ta gudu, kamar kai a gidan biki. Tantabarun Gwaggo ne. Ka kawo min su, ka fasa tukwanen, ka ƙone sheƙa."

"Tukwanen Baba ne ya rataye su."

"To ka zauna ta cinye ku."

Na jira ranar da aka kai Inna gaisuwar rasuwa Kirikasamma. Na kama tantabarun, na zuba a kwando, na kai masa. Da na dawo na ɗauki taɓarya na tsaya gaban tukwanen. Na kasa. Kowace safiya tana shafa na ƙasan da hannu kafin ta zauna. Na ce a bar mata ko wannan.

Ta dawo, ta kwana. Da safe ta fito da kwanonta ta zauna. Ta daɗe a zaune. Sannan ta ce wa matata, "Ke, karɓi tsakin nan ki ba kaji." Ba ta tambayi kowa ba.

Tukwanen da na bari su suka kusa ƙarasa ta. Kaskar ta rasa jinin tsuntsu, sai ta gangaro gaba ɗaya ta bi tsagogin bango zuwa ɗakin. Kafin mako ya zagayo fuskar Inna ta kumbura, hannunta kamar an watsa mata garwashi. Muka kai ta asibiti a Keke Napep. Aka ba ta magani, aka ce kada ta sake kwana a wurin.

Ranar na fasa tukwanen. A bayan kowace tukunya kaska ce danƙam, manya da ƙanana. Na tara sheƙa da kashin tantabarun da fasassun tukwane a bayan gida na cinna wuta. Na kankare tsohon yaɓe, na yi feshi da maganin da na sayo a shagon magungunan dabbobi, na rufe ɗakin. Bayan kwanaki na sake, domin ƙwan kaskar. Sannan na kwaɓa ƙasa na toshe kowace tsaga, har tsakanin azara. Bangon da ruwa ya bari, ni na sauya masa fuska.

Ta warke. Ta koma ɗakinta. Na ji tana ce wa matata, "Wannan yaron ya yi daidai." Na fi so da zagina ta yi.

Na ga ruwa ya tafi da shinkafata ba sau ɗaya ba. Na tsamo gawar maƙwabci da hannuna. Duk ban rasa barci ba. Amma tsohuwa a bakin ƙofa, hannu a cinya, tana jiran a faɗa mata gari ya waye, wannan ban iya kallonsa ba. Sai na riƙa fita kogi da wuri.

Wata safiya ban fita ba. Wata farar tantabara ta sauko a kan bangon, daidai inda tukwanen suke a da. Na gane ta. Ko daga hannun wa ta kuɓuce, oho. Tana da tsinke a baki. Ta yi kuka.

Inna ta ɗaga kai.

Na san abin da sheƙa ɗaya za ta dawo da shi. Na ɗauki hoge na jefa. Ta tashi, ta zagaya gidan, ta yi wajen kogi.

"Kai, mene ne wannan?"

"Kurciya ce, Inna."

Ta gyara zaninta.

"Idona ne ya mutu," in ji ta. "Kunnena yana nan."