Maɓallin Haɗe Ƙungiyoyi

Lokacin da nake kula da shafin intanet na haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma da makiyaya ta Kankiya da Kusada, ni ke gyara ɓangaren da shugabanni ke shiga su saka sabuwar ƙungiya ko su sauya mata shugaba. Wata rana mataimakin shugaba ya same ni a ofis, ya jawo kujera dab da ni.

"Malam, so nake ka sa mini maɓallin haɗe ƙungiyoyi biyu. Ta matan Kaikai masu nono da ta garin Ƙofa ai duk abu guda ne."

Zaɓenmu ya matso, kowace ƙungiya kuma ƙuri'a ɗaya gare ta. Na san matan Kaikai ba sa tare da shi.

Na ce, "Zan yi, Alhaji. Amma duk sanda aka danna, saƙo zai tafi wayar shugabannin biyu, sai sun amince."

Ya kalli kwamfutar, sannan ya ce in dakata tukuna. Bai ƙara tayar da maganar ba. Har yau ban sani ba ko na zarge shi a banza, amma a makon na sauya kalmar sirrin shafin.