Burodin 'Yan Dubiya

Siradji Gado ya zo Njamena daga Damagaram da wuƙar fiɗa a kugu da lafiyayyen ciki. A mayankar Farcha ya sami aiki, inda yake raba bijimi da fatarsa a hankali, kamar uwa tana tuɓe wa ɗanta riga. A shekarun farko gero ne abincinsa, safe kunu, dare tuwo, don iyakar ƙarfinsa ke nan.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya auri Hanatu, 'yar unguwar Gardole, jikar mahajjatan nan da suka nufi Makka a ƙasa, bakin kogin Shari ya riƙe su. Ita ta koya masa karin kumallon birni: shayi da dogon burodin da ake kira mappa, ranar Juma'a kuma taliya. Siradji ya ji ya zama mutum. Cikinsa ne kawai bai taya shi murna ba.

Kumburi ya zo, zawo ya biyo baya, wando ya fara neman igiya. Wuƙa ta soma rawa a hannunsa har tana huda fatu. Buba, shugaban masu fiɗa, ya ja shi gefe.

"Siradji, fata muke sayarwa, ba rariya ba. Je ka nemi magani. In Layya ta zo hannun nan yana rawa, wani zai tsaya a gurbinka."

Unguwa duka ta yanke cewa tsutsar ciki ce. A asibiti aka duba bayan gidansa, aka kuwa same ta. Siradji ya dawo yana murmushi, ya sami abokin gaba mai suna. Ya sha ƙwayoyi, tsutsa ta mutu, ciki ya ci gaba da abinsa.

Hanatu ta tashi tsaye wajen jinya. Ta hana shi tuwo, wai ya yi wa marar lafiya nauyi, ta koma jiƙa masa burodi cikin shayi. A Gardole kuwa ba a zuwa dubiya hannu sake. Kowa ya shigo da mappa a hammata, ya zauna sai ya ga an ci. Yana ramewa suna ƙaro burodi, suna ƙarowa yana ramewa.

Wata likita ce, da ta ga maganin tsutsa bai tsayar da zawon ba, ta sa aka gwada jininsa.

"Malam Siradji, tsutsa baƙuwa ce, ta zo ta tafi. Alkama ce hanjinka ba ya ɗauka, ita ke cinye shi. Burodi, taliya, fanke, duk ka bar su."

"Zuwa yaushe, likita?"

"Iyakar rayuwarka."

"To me zan ci?"

"Gero, dawa, masara, shinkafa."

A hanyar gida Hanatu ta juyo ta dube shi.

"Maigida, ashe da hannuna nake ba ka ciwon."

"Da hannu biyu ma, cikin ladabi," in ji shi. "Turminki yana nan?"

Turmi yana nan, kaji na kwana a kai. Hanatu ta kore su, ta koma dakan gero. Kafin watan Layya ya kama, kumatun Siradji sun dawo. Ya feɗe bijimi a gaban Buba, Buba ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Ya ce masa gobe ya fito da wuri.

Maƙwabta dai da suka ji daka safe da yamma a gidan da aka saba jin ƙarar kofin shayi, sai suka gane cewa jinya ta cinye arzikin bawan Allah. Bayanin likita suka ɗauke shi rufin asiri. Saboda tausayi suka ninka burodin. Hanatu takan durƙusa ta karɓa, ta yi godiya, ta zaga da shi bayan ɗaki, inda ragon Layya yake ɗaure.

A shekarar nan ba ragon da ya kai na Siradji kitse a Gardole. Shi ya feɗe shi da kansa, ya aika wa kowane mai dubiya rabonsa.