Malam Lawal, Wanda Bai Bar Inji Ya Ƙone Ba

Ranar kasuwar Batsari da hantsi, ina zaune a rumfata ina naɗa wa wani inji sabuwar waya, ƙanen Malam Lawal ya tsaya a kaina ko sallama bai iya yi ba. Ya ce, "Yaya Sani, Malam ya cika." Hawan jini ne ya kayar da shi bayan asuba, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sana'ata gyaran injin lantarki ne idan ya ƙone. Tasa kuwa haɗa akwatin wutar da ke hana shi ƙonewa. Ke nan duk aikin da ya yi da kyau, ni ya rage wa ciniki. Amma shekara ashirin rumfarmu na jingine da juna, kwanonmu ɗaya.

Da fetur da gas suka gagari talaka, masu rijiyar burtsatse da masu injin niƙa suka koma sola, sai kowa ya shiga neman inbata, na'urar nan da ke tayar da inji a hankali, ta ƙara masa gudu ko ta rage. Nan da nan garin ya cika da gwanaye. Wanda jiya yake sayar da cajar waya, yau ya zama injiniya. Malam Lawal kuwa ba ya zaɓa wa mutum inbata sai ya durƙusa ya goge farantin da ke jikin injin, ya karanta yawan wutar da yake ja. Yakan ce, "Kwali ɗan talla ne, faranti shi ne shaida." Sai ya zaɓi wadda ta ɗan fi ƙarfin injin saboda zafin garinmu, ya huda wa akwatin mashigar iska, ya binne wayar ƙasa, mai kare mutum daga jan wuta, da hannunsa.

Ba zan manta da rijiyar garin Yasore ba. A shekarar da mutanen ƙauyukan daji suka gudo saboda 'yan bindiga, aka ba wani ɗan kwangila aikin ruwa a can. Ba zan ambaci sunansa ba, bai kai ba. Ya zo da injiniyansa mai farar hular kwano wadda ko ƙura ba ta taɓa hawa ba. Suka sa ƙaramar inbata a kan babban famfo, suka rufe ta ruf a akwatin ƙarfe a tsakiyar rana. Da ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, sai gwanin ya cire mata kariyar gaba ɗaya, har da wadda ke tsayar da famfo idan ruwa ya ja baya. Ranar bikin buɗe rijiyar, dattawan gari suka kira Malam Lawal ya duba, na raka shi.

Ya ce wa injiniyan, "Ranka ya daɗe, kukan da take yi gaskiya take faɗa. Ka toshe mata baki, famfon zai tafi."

Injiniyan ya dube shi daga hula har silifa, ya ce, "Baba, wace jami'a ka yi?"

Malam ya ce, "Ban yi ba. Famfon ma bai yi ba, amma ya san nauyin da zai iya ɗauka."

Aka yi dariya, aka ɗauki hoto, aka yanka kirtani, ɗan kwangilar da injiniyansa suka koma birni. Ba a yi wata ba famfon ya ƙone. Mata suka koma ɗibar ruwa a rafi, a dajin da maza ma ke tsoron shiga. Aka kira ɗan kwangilar, wayarsa a kashe.

Ni na naɗa wa famfon waya. Malam ya yi ta zirga-zirga a babur kan hanyar da kowa ke gudu, ya samo inbatar da ta dace, ya gina mata inuwa, ya mayar da kowace kariya wurinta. Ya zauna a gindin rijiyar har la'asar yana saurarar sautin injin kafin ya yarda ya tashi. Na ce masa ya tona asirin mutanen nan. Ya ce, "Sani, ruwa nake so ya fito, ba suna ba."

Shi ya yafe, ni ban iya ba. Ran sadakar uku sai ga injiniyan da babbar riga, yana gaya wa jama'a wai shi da marigayi sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Ko fatiha ba a shafa ba ya jawo ni gefe, wai wani aikinsa a Safana ya tsaya, ko Malam ya bar littafin da yake rubuta saitin inbata? Na ce eh, akwai littafin, yana hannun babban ɗansa, amma rubutun na waɗanda ba su yi jami'a ba ne. Ya sa takalminsa ya fita.

Ya Allah, ga bawanka Lawal ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinka a lokacin ƙunci. Ka ba matarsa Malama Hajara haƙurin rashinsa, ka raya 'ya'yansa bakwai a kan gaskiyarsa, kada ka bar su a hannun waɗanda suka raina ubansu. Amin.