Batir Biyu da Ƙwan Zabin Matata

Har yau idan na ga ƙwan zabi a kasuwar Illela sai in kau da kai. Na gaji da tuna abin nan, amma ya ƙi barina.

Daminar da na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, matata ta tara ƙwai sittin, ta zuba su a injin ƙyanƙyasa da ƙanenta ya kawo mata daga Ƙonni. Ita ke juya su safe da yamma, tana yi musu alama da gawayi. Idan wuta ta ɗauke, batir ɗaya ke riƙe ɗumin, shi ma ba ya wuce awa shida.

Saura kwana uku su ƙyanƙyashe, iskar hadari ta kada sandar wutar unguwarmu. Na aro batir na biyu wurin maƙwabci.

"Malam, a kira makanike mana," in ji ta.

Na ce haba, ni da na shekara talatin riƙe da alli? Na jera su yadda muke jera batiran tocila tun muna yara, kan wannan a gindin wancan. Fitilar injin ta yi haske fiye da kullum, har na ji daɗi. Muka tafi gona, don ciyawa ta rufe hatsi.

Da la'asar muka dawo, ƙauri ya tarbe mu tun daga zaure. Injin shiru, ƙwai sun yi sanyi ƙalau.

Makaniken da na ƙi kira ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Malam, haɗin kai da gindi ƙarfin wuta yake ninkawa, ba daɗewarta ba. Injin nan sha biyu yake ɗauka, ka ɗura masa ashirin da huɗu, dole ya ƙone. Da ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, da kun tarar da shi da ɗuminsa."

Wallahi kunya ta ishe ni, na rasa inda zan sa idona.

Matata ba ta yi faɗa ba. Ina ma ta yi. Ta fasa ƙwai ɗaya a gefen turmi: tsako ne cikakke, da gashinsa da 'yan faratansa. Ta kwashe sauran a ƙwarya, ta binne su bayan rumbu.

Washegari bayan sallar asuba na ga ta ɗauki gawayinta ta nufi injin, za ta juya ƙwai kamar yadda ta saba. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta daɗe tsaye, sannan ta dawo ta zauna.